Bangon ɗakin tsohuwarmu ya dare: ko tauraron ɗan'adam zai nuna mini in ƙasa ce ke tafiya?

Tela Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shekara 27 ke nan ina kan keke a babbar kasuwar Maradi. Ban yi karatun gini ko na ƙasa ba, in na kira abu da sunan da ba nasa ba ku gyara mini. Gidan da nake ciki na gado ne, mahaifinmu ya gina shi, Allah ya jiƙansa, a gangaren da ke fuskantar Gulbi. Bangon wani ɗaki a gidan ne ya hana ni barci.

Kowa a garin nan ya san ruwan ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, wanda aka ce ya kai milimita 150 cikin ƙasa da awa biyu, har hukuma ta sanar da rasuwar mutum 15. Mu Allah ya tsare, rumfar awaki kawai ta faɗi. Amma bayan 'yan kwanaki na ga wata tsaga a bangon yamma na ɗakin Inna, siririya kamar zaren ɗinki. Na sa aka yaɓe ta, na manta da ita. Da daminar bana ta kankama sai ta sake buɗewa a wurin nan dai, ta raba yaɓen biyu, ta hau a karkace daga kusurwar taga har ƙarƙashin kwano. Jiya na ɗauko tef ɗin awona na gwada. A sama santimita 2 da rabi ce, babban yatsana na shiga. A ƙasa kuwa da ƙyar allura ke shiga. Ƙofar ɗakin sau biyu kafinta na fere ta, ga shi ta koma cijewa.

A bayan gidan akwai kwazazzabo. Muna yara tsallake shi muke yi in an aike mu fadama. Yau in mutum ya sauka ciki, ko ya ɗaga hannu ba a hango shi daga waje. Bara daga gindin katanga zuwa bakinsa taku 23 nawa ne, bana 19.

Ɗan yayata ne ya nuna mini wani labari a waya, cewa a wani gari na ƙasar Kwango mai suna Bukavu akwai unguwa guda, da mutanenta da gidajenta, tana zamewa a hankali zuwa ƙasa, kuma wai daga sararin samaniya ake auna tafiyarta da na'urar rada. Tun da na ji haka zuciyata ke raya mini ko mu ma abin da ke faruwa ke nan. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a fadama, har aka dawo da Maradi kan tudu. Ya kan ce sun gudo wa ruwa. To, ni yanzu gani nake kamar tudun ne ke son mayar da mu inda muka fito.

Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani. Gaskiya ne ana auna motsin ƙasa daga sama? Zai iya ganin gidana? Inna ta haura shekara 80, ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, ba inda za ta je.

'Yar Unguwar Zariya

Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni karatun taswira da yanayin ƙasa na yi, kuma na taɓa aiki da irin hotunan nan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Gaskiya ne, ana aunawa. Wanda aka fi amfani da shi tauraron Turai ne mai suna Sentinel-1, an harba na farkonsa a watan Afrilu 2014. Yana yawo a nisan kusan kilomita 700 daga ƙasa, kuma duk kwana 12 yana dawowa ta kan hanyar da ya bi. Ba hoto yake ɗauka irin na kyamara ba. Wani irin zangon rediyo yake aikowa ƙasa, ya saurari amsa-kuwwarsa in ya bugi abu ya koma, wannan ita ce rada. Shi ya sa dare bai hana shi aiki, hadari bai hana shi, ƙurar hunturu ma haka. Wannan ne amfaninsa ga ƙasashe masu yawan ruwa, inda gajimare ke rufe gari wata da watanni.

Yadda yake awon kuwa, kai tela za ka fi kowa ganewa. Tsawon zangon nasa santimita 5.6 ne. Ka ɗauka kana auna dogon yadi da ɗan guntun ma'auni mai wannan tsawo, kana ta maimaitawa. Ba ka damu da ƙirga sau nawa ka aza ma'aunin ba, rarar da ta saura a ƙarshe kawai kake dubawa. Bayan kwana 12 ka sake aunawa daga wurin da ka tsaya dā. In rarar ta canza, to yadin ya ƙaru ko ya ragu. Haka tauraron ke yi tsakaninsa da rufin gida. Da yake zangon zuwa yake yi ya dawo, motsin santimita 2.8 ya isa ya juya awon zagaye guda cif. In aka tara hotuna 50 ko 100 na shekaru, aka tace su a kwamfuta, ana iya gane motsin 'yan milimitoci a shekara. Masana na kiran dabarar InSAR. Ta yi suna ne a 1993, lokacin da wasu Faransawa suka zana yadda girgizar ƙasar Landers ta 1992 a Amurka ta motsa ƙasa, sannan wajen shekarar 2000 wasu masana a Milan ta Italiya suka fito da hanyar bin abubuwan da ba sa canza kama, irin su rufi da dutse da turakun ƙarfe, ana auna su ɗaya-ɗaya tsawon shekaru. Gari mai rufin kwano irin namu yana amsa rada da kyau.

Labarin Bukavu ma gaskiya ne. Birni ne a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a bakin tafkin Kivu ta kudu, zaune kan tsaunuka masu gangare sosai. Unguwar da ake magana sunanta Funu, faɗinta kamar murabba'in kilomita ɗaya da rabi, mutum fiye da 80,000 ke cikinta. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu, mai zurfin mita gommai, tana zamewa gaba ɗayanta kamar tabarmar da ake ja da kaya a kanta, a wasu wurare har mita 3 a shekara. Wani masani mai suna Antoine Dille da abokan aikinsa daga Beljiyam da Kwango da wasu ƙasashe suka wallafa binciken a mujallar Nature Geoscience a 2022. Sun haɗa hotunan rada na shekara huɗu da rabi, na Sentinel-1 da na taurarin Italiya da ake kira COSMO-SkyMed, da tsofaffin hotunan jirgin sama na kimanin shekara 70. Abin da suka gano shi ne zamewar ta girmi birnin, amma wani babban ɓangarenta ya ƙara gudu ne bayan da aka cika wurin da gine-gine, musamman daga shekarun 1990. Kuma gudun yana bin ruwan da ke cikin ƙasa, in ya ƙaru ta ƙara sauri, in ya ja baya ta lafa. Gidaje da hanyoyi da magudanai sun canza inda ruwa ke bi da inda yake nutsewa. Shawarar da suka bayar ita ce a gyara hanyar ruwa.

Yanzu batun gidanka. A ganina abin da ke damunka ba irin na Funu ba ne. Su tsauni gare su, da ƙasa mai kauri wadda ta ruɓe, da ruwan sama da ya ninka namu fiye da sau biyu, mu da muke samun wajen milimita 500 a shekara. Mu jigawa gare mu da gangare mai sauƙi. Abin da ke cin gefen Maradi zaizaya ce: ruwa ya ƙwaƙule gindin kwazazzabo, baki ya rasa abin tokara, ya rufta, ramin ya matso. Wannan kuwa rada ba ta iya bin sa da kyau. Tana son abin da ke motsi a hankali alhali kamanninsa na nan. In ƙasa ta rufta ko yashi ya kwarara, hoton yau ba ya kama da na kwana 12 da suka wuce, awon sai ya watse. Haka yake watsewa a gona da fadama da duk inda ganye ya yi yawa. Ga shi kuma ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-1 ya kai kamar mita 5 a 20, wato gidanka duka bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Ba zai bambance bangon ɗakin Inna da na maƙwabcinka ba. Tururin ruwa da ke cikin iska ma yana jinkirta zangon, ya sa a ga kamar an motsa da santimita ɗaya ko biyu alhali ba abin da ya motsa, shi ya sa hoto biyu kawai ba sa yanke hukunci.

Abin da zai iya nunawa shi ne ko layin gidajenku gaba ɗaya yana nutsewa ko yana jirkicewa tsawon shekaru. Nan kam kun yi dace da abu guda: tauraron daga kudu zuwa arewa yake bi, ko daga arewa zuwa kudu, yana leƙen gefe, don haka ya fi ganin motsin sama da ƙasa da na gabas da yamma. Wanda ke tafiya kudu ko arewa kusan ba ya ganinsa. Gangarenku yamma yake kallo.

Tsohon Magini

Malam tela, na girme ka, don haka ka ji maganata. Shekara 41 ina aikin gini, tun ana aza azara ana daɓe soro har aka koma bulo da kwano. Yarinyar nan ta yi bayani mai kyau, Allah ya yi mata albarka, amma kai ba ka da lokacin jiran hoto ɗari.

Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga a karkace, sama a buɗe ƙasa a tsuke, ba ta yaɓe ba ce. Kusurwar ginin ce ke zama, harsashi ya rasa abin takawa ta wannan gefen. Ƙofa mai cijewa ita ce shaida ta biyu. Kuma cikin goma da na gani irin wannan, tara ruwa ne. Yashinmu in ya bushe yana ɗaukar kaya kamar dutse, in ya jiƙe a ƙarƙashin nauyi sai ya lotsa.

Gobe da safe ka zagaya bayan bangon ka duba. Ina ruwan kwanon ke zuba? Ina rariyar tsakar gida ke fita? Ramin masai ko na wanka taku nawa ne daga bangon? Bututun famfo ta ina ya bi? Ka rufe duk famfunan gida ka tsaya kan mita, in tana juyawa to akwai yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Sannan ka nemi ƙusa shida. Ka kafa biyu-biyu, ɗaya kowane gefen tsagar, a sama da tsakiya da ƙasa. Duk Juma'a ka auna tsakaninsu da tef ɗinka ka rubuta a littafin awon mutane, da kwanan wata. Ka shafa siminti siriri kamar tafin hannu a kan tsagar wuri guda, in ya fashe ka san tana tafiya. Taku kuma ka daina auna rami da shi, takun yau ba na gobe ba ne. Ka kafa turke uku tsakanin katanga da bakin kwazazzabo ka riƙa ja da igiya.

Abu ɗaya ne in ka gan shi ba shawara: tsaga a ƙasa kanta, doguwa, mai bin tsawon bakin ramin. In ka ga wannan, duk abin da ke tsakaninta da rami ya riga ya zama na rami.

Kada ka sake yaɓe bangon, kuma kada wani ya ruɗe ka da gina masa tokara kafin a kashe ruwan, asarar siminti ce. Inna kuwa a daren nan a fitar da ita. Ka tura mata wanda take jin nauyinsa.

Hajiya ta Mokoyo

Ɗan'uwana, Allah ya kiyaye. Ni ɗakin girkina ya tafi a ruwan 2024, da tukwane da buhun gero biyu, ina tsaye ina kallo. Ba a hankali ya tafi ba, ƙiftawa da Bismillah ne.

'Yata mai karatun taswira, maganarki ta ruwa ita ce ta taɓa ni. Lokacin da aka kawo ni unguwar nan, can sama gonaki ne, ruwa in ya sauka ƙasa ke shanye shi. Yanzu duk gidaje ne, kowa da kwanonsa, kowa ya daɓe tsakar gidansa da siminti ya huda rariya zuwa titi. Titin kuwa miƙe yake zuwa kanmu. Ruwan unguwa biyar a ƙofar gidanmu yake haɗuwa. Ga masu amalanke suna ɗibar yashi a gindin ramin da rani, ka yi magana su ce abincinsu ne, kuma gaskiya abincinsu ne. Ga shara da ake zubawa wai don ta tare, ruwan farko ke kwashe ta ya toshe magudana da ita.

Mu mata mun haɗu mun je wani ofishi har sau uku. An karɓe mu da mutunci, an rubuta sunayenmu, an ce za a turo masu dubawa. Damina biyu ke nan. Da muka gaji muka yi karo-karo, muka cika buhuna da yashi muka jera, muka dasa jema a baki. Inda jemar ta kama, bakin bai ƙara ci ba bana. Inda ba ta kama ba ya ci.

Tambayata ita ce, in tauraron ya gani, wa yake gaya wa?

Tela Ɗan Bagalam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba magini, na tura wa Inna limamin unguwarmu, ta yarda ta koma ɗakin uwargida, amma ta ce aro ne. Ƙusoshi na kafa su yau bayan La'asar.

'Yata, tambayar Hajiya ita ce tawa. Na gane ba zai ga bangona ba. Amma a ce unguwa ce gaba ɗaya ke shirin tafiya, akwai wanda ke zaune yana kallon hotunan nan da zai yi mana shela? Kuma kuɗi nawa ake biya a gani?

'Yar Unguwar Zariya

Kawu, Hajiya, hotunan Sentinel-1 kyauta ne. Duk mai intanet zai iya sauke su, manhajar da ake sarrafa su ma, mai suna SNAP, hukumar sararin samaniya ta Turai kyauta take bayar da ita. Tsadar tana wajen intanet mai ƙarfi, don hoto ɗaya ya kan kai gigabait huɗu ko fiye, da kwamfuta mai ɗaukar nauyi, da wutar da ba ta yankewa, da mutumin da ya iya karanta sakamakon. Na ƙarshen nan ya fi wuya. Taswirar kan fito da ɗigo ja da kore, kuma jan ɗigo na iya zama ƙasa ce ke nutsewa, na iya zama mai gida ne ya canza kwano ko ya ɗora bene. Sai an taka an je an gani da ido.

Tauraron ba ya gaya wa kowa komai, ajiye hoto kawai yake yi. A Turai sun kafa tsarin da ke sarrafa hotunan yawancin ƙasashensu, ana sabunta taswirar motsin ƙasa, kowa ya shiga ya duba garinsu. Mu a nan sai wani ya ɗauki abin a matsayin aikinsa. Wuraren da suka dace akwai su: ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin garin nan, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai wadda tun 1974 take aikin yanayi da ruwa da noma, kuma ta saba da hotunan taurari.

Batun shela kuwa, zan ba ku misali biyu don kada in sa muku rai a inda bai kamata ba. Ranar 24 ga Yuni 2017 tsauni ya zaftaro kan ƙauyen Xinmo a lardin Sichuan na ƙasar Sin ya binne shi. Bayan abin ya faru masana suka koma kan hotunan Sentinel-1, suka tarar saman tsaunin ya daɗe yana motsi, kuma ya ƙara sauri a makonnin ƙarshe. Alamar tana cikin hoton, ba wanda ke dubawa a lokacin. Ƙasa da wata biyu bayan haka, ranar 14 ga Agusta 2017, gefen tsaunin Sugar Loaf ya zubo kan unguwar Regent a Freetown ta Saliyo bayan ruwa mai yawa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Irin wannan cikin mintoci yake faruwa, gangaren kuma daji ne ya rufe shi. Abin da ke zuwa duk kwana 12 ba zai tashe ka da tsakar dare ba. Ɗakin girkin Hajiya ma haka ne.

Amfaninsa na dogon lokaci ne: a san wace unguwa ke motsi, a san inda za a fara kashe kuɗin magudana, a san inda bai kamata a raba filaye ba, kuma bayan an yi aiki a duba ko motsin ya ragu. Kayan aikin ma suna ƙaruwa. Dā taurarin Sentinel-1 biyu ne, na biyun mai suna Sentinel-1B ya lalace a Disamba 2021 aka koma tauraro ɗaya, sai a Disamba 2024 aka harba Sentinel-1C. Ranar 30 ga Yuli 2025 kuma Amurka da Indiya suka harba wani mai suna NISAR, wanda zangonsa ya kai santimita 24. Dogon zango yana ratsa ganye ya taɓa ƙasa, kuma ba ya saurin ruɗewa in motsi ya yi yawa, don haka zai fi amfani a wurare masu itatuwa irin Bukavu.

Kwazazzabo kuwa hoton ido ya fi dacewa da shi. Kawu, ka ce wa ɗan yayarka ya buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya. Ku nemo rufin gidanku, ku auna daga katanga zuwa bakin rami a kowace shekarar da ke akwai. Da irin wannan hanya aka ƙirga kwazazzabai kusan 3,000 a birane 26 na Kwango, a wani bincike da ya fito a mujallar Nature a 2025, aka kiyasta sun raba mutum fiye da 100,000 da gidajensu tsakanin 2004 da 2023. Yawancinsu a ƙasa mai yashi ne, kuma suna da alaƙa da tituna da ruwan da ba a yi wa hanya ba. Hajiya, abin da kika faɗa da bakinki ke nan. In za ku koma ofishin nan, ku tafi da hotunan a buge a takarda, shekara bi shekara, da adadin mitocin da ramin ya ci. Ni zan taya ku haɗawa, ba sai kun biya ni ba.

Tela Ɗan Bagalam

Jama'a, na dawo da labari bayan mako huɗu.

Baba magini, maganarka ta fito. Na rufe famfuna na tsaya kan mita, tana ta juyawa a hankali kamar agogo. Muka haƙa bayan ɗakin Inna, ko mita ɗaya ba mu kai ba muka tarar da yashi jiƙe sharkaf, alhali rabonmu da ruwan sama ya fi wata. Bututun roba ne da aka binne tun ina saurayi, ya tsage a mahaɗa, tsawon ɗan yatsa. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake zuba a gindin harsashin. Ban da shi kuma, ruwan kwanon ɗakin duka a kusurwar nan yake sauka. An canza bututun an bi da shi ta gabas, an sa wa kwanon indararo zuwa tsakar gida, mun ajiye randuna biyu da tanki a ƙarƙashinsa.

Ga abin da ke littafina, tsakanin ƙusoshin sama. Juma'ar farko santimita 14 daidai. Ta biyu 14 da milimita 2, simintin da na shafa ya yi gashin tsaga. A cikin makon ne aka gyara bututu. Ta uku 14 da milimita 3. Ta huɗu, wato yau, 14 da milimita 3. Na san rani ne, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, don haka zan ci gaba da awo har damina ta zo ta wuce. Tsaga a ƙasa kuwa na duba tsakanin katanga da rami, ban ga ko ɗaya ba, alhamdu lillahi.

Mun buɗe tsofaffin hotunan ni da ɗan yayata. Na ga rufin gidanmu, na ga bishiyar dogon yaro ta maƙwabcinmu a hoton farko tana nesa da rami, a na ƙarshe babu ita, ramin ne a wurinta. Na daɗe ban ce komai ba. Mun buga hotunan, na nuna wa mutanen layinmu a masallaci bayan Magariba, gida tara sun yarda kowa ya kafa ƙusa a bangonsa in yana da tsaga, ni zan riƙa zagayawa da tef ranar Juma'a ina rubutawa. Hajiya, muna son saiwar jema in akwai saura, kuma in za ku koma ofishin ku sanar da mu mu tafi tare.

'Yata, in kin samu dama ki duba mana hotunan radar nan na layinmu tun daga 2015, ko da wata nawa zai ɗauka. Ina son in san ko gidana ne kawai ya zauna saboda bututu, ko duk gangaren ne. Zan aiko miki da awon gidajen tara ki gwama da abin da kika gani.

Inna tana tambaya kullum yaushe za ta koma ɗakinta. Na ce mata sai bayan damina, in ƙusoshin ba su motsa ba.